Ambulan na Goma Sha Biyu

"Juya baya," in ji Baba Fowil. "Na san halinka. Mai gyaran agogo idonsa ya saba da leƙen ƙananan abubuwa."

Mai Agogo ya juya kujerarsa ya fuskanci bango yana dariya ƙasa-ƙasa. A bayansa yana jin tafiyar biro a kan takarda, ya ja ya tsaya, ya ja ya tsaya, domin tun watan jiya hannun Baba ya daina yi masa biyayya. Bangon da yake kallo cike yake da hotunan motocin shiga daji, wasu an yanko su daga kalanda, wasu daga mujalla, duk na kamfani ɗaya. A kan taga kwalaben magani sun yi layi, fanka kuma tana juyawa kamar an roƙe ta.

"Yaya, wasiƙa kake rubutawa ne ko hasashe?"

"Ka yi mini shiru, ɗan keke. Bana ranar ƙin dillancinka ce."

"Haka ka ce bara."

Bara ɗin ma haka ya ce, da bara waccan, da shekaru tara kafin su. Duk wanda ya zauna a layin nan ya san labarin. Baba Fowil shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa masu awon ƙasa zuwa inda titi bai taɓa zuwa ba, a cikin jif ɗin kamfanin nan mai ja da ƙafa huɗu, inda ya samo laƙabin Fowil. Da ya yi ritaya sai ya sayi tsohuwar da ya fi so, mai ƙofa uku, ya kafa ta a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida. Daura da ita, jikin katanga, teburin Mai Agogo yake, da ɗan akwatinsa na gilashi da kekensa. Shi kuwa Mai Agogo, hannun da yake kama ƙusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, in ya ɗora shi a kan sitiyari sai ya kama ɓari. Bai taɓa tuƙa mota ba, amma fa a musun mota ba a kayar da shi.

Kowace shekara kamfanin yakan nuna motocin da zai fitar, ya lulluɓe guda ɗaya da mayafi ya bar ta a ƙarshe. A kan wannan ta ƙarshen suke yin hasashe. Saura mako uku, kowa ya rubuta abu shida da yake ganin za ta zo da su, ya liƙe a ambulan, a miƙa wa Inna, matar Baba, ta jefa a akwatin ƙarfenta ta kulle. Ita ce alƙaliya. Wanda ya fi kusa shi ya ci. In Baba ya faɗi, zai wanke keken Mai Agogo a ƙofar gida kowa yana gani. In Mai Agogo ya faɗi, zai shiga jif ya koyi tuƙi. Ba kwabo a ciki, shi ya sa Baba yake cewa wanda ya kira abin caca ya je ya wanke bakinsa.

Sau goma sha ɗaya aka yi, sau goma sha ɗaya Baba ya wanke keke. Dalili kuwa, taurin kai. Kullum abu ɗaya yake rubutawa: za su dawo da motar ƙarfe, mai kusurwa huɗu, giyar hannu, taya a goye a baya. Kullum kuma kamfanin sai ya ƙara wa motarsa laushi da tumbi. Mai Agogo ba wani ilimi gare shi ba, duk abin da Baba ya tsana shi yake rubutawa, kuma ya ci.

"Na gama," in ji Baba. Ya lashi bakin ambulan ya danne shi da babban yatsa. "Inna, zo ki karɓa kafin ɓarawon nan ya juyo."

Inna ta shigo tana goge hannu da gefen zani, ta karɓa, ta miƙa wa Mai Agogo takarda da biro. "Saura kai, maƙwabci. Ku dai ba kwa girma."

Mai Agogo ya ɗora takardar a cinyarsa, sai ya ji biron ya yi masa nauyi. Ɗazu a bakin ƙofa Auta, 'yar Baba, wadda take tuƙa motar ɗaukar ma'aikatan asibiti, ta ja shi gefe ta ce, "Kawu, likita ya ce a kai shi gida a ba shi duk abin da yake so." Yanzu ga shi zaune, abu ɗaya ne a ransa: mutumin nan ba zai bar duniya bai taɓa cin ambulan ko sau ɗaya ba. Tsoron sitiyari yana nan daram, amma wannan ya fi shi ciwo.

To ta yaya ake kayar da kai a gaban mai taurin kai? Baba dai motar ƙarfe zai rubuta, kamfani kuma tumbi zai ƙara. Hanya ɗaya ce, ya wuce Baba nisa da gaskiya. Sai ya sunkuya ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na mai rasit. Kusurwa huɗu kamar akwati. Ƙofa uku. Giyar hannu. Taya a baya. Nan ya tsaya ya yi tunani, ya ga har yanzu kunnen doki za a yi, sai ya ƙara biyu waɗanda ko Baba ba zai yi gangancin rubutawa ba: rufin tampol, kuma da hannu za a murɗa injin a tayar da shi kamar injin niƙa. Ya liƙe, ya miƙa wa Inna, yana jin kansa wani gwanin dabara.

"Me ya sa kake murmushi?" in ji Baba.

"Ina tuna inda taɓo ya fi kama kekena ne, don in nuna maka."

Makonni ukun nan, wallahi, ba a taɓa hira a gidan kamar su ba. Mai Agogo ya kwaso ƙananan kayan aikinsa ya dawo ɗakin Baba da su, yana gyara yana musu. Mai askin layin yakan leƙo in ba kowa a shagonsa, da jita-jita a bakinsa.

"An ce ta bana da lantarki za ta yi tafiya. Ba mai, ba hayaƙi."

"Madalla," in ji Baba daga kwance. "In caji ya ƙare a tsakiyar daji sai a jona ta a jikin kuka."

"An ce kuma ita take ajiye kanta, direba yana zaune."

"To a bar ta ta je kasuwa ta yi wa Inna cefane mana. Me za a yi da mu?"

Mai Agogo ya ɗago, gilashin aikinsa maƙale a ido ɗaya. "Yaya, duniya ta ci gaba. Mutane suna son kujerar da take ɗumama baya."

"Bayan da bai sha gargada ba, me za a ɗumama a cikinsa? Ni na tsallaka kogi ruwa yana taɓa mini gwiwa a cikin mota, na fita ɗaya gefen na buɗe ƙofa, har da kifaye suka fito."

"Bara tarwaɗa ka ce guda ɗaya."

"Ta hayayyafa."

Inna tana tsakar gida ta yi dariya har ta ajiye tsintsiya. Da daddare ne take kukanta, kowa ya sani, amma da rana ba ta yarda a ga komai a fuskarta ba.

Jikin dai kullum ƙara ja baya yake yi. A mako na biyu ya daina iya zama sai an jingina shi da filo uku. Kowace safiya abin da yake fara tambaya shi ne, "Saura kwana nawa?" Mai Agogo ya faɗa masa, shi kuma ya gyaɗa kai kamar direban da yake duba man da ya rage masa da tsawon hanya. Wata rana ya kira Auta ya ce ta canza wa jif baƙin mai, ta ba tayoyi iska, ta matso da kujerar direba gaba har ƙarshe.

"Baba, ai ƙafata tana kaiwa," in ji Auta.

"Ki dai yi abin da na ce."

Mai Agogo yana jin su, ya ɗauka irin rigimar mara lafiya ce, ya ci gaba da ɗaura wa wani agogo fata.

Ranar ta zo da hantsi mai haske, an yi ruwa da asuba ƙasa ta yi sanyi. Baba ya ce shi ba zai kalli abin a ɗaki ba. Auta da mai aski suka kama shi da katifarsa suka fito da shi barandar ƙofar gida, inda yake iya ganin hancin jif ɗinsa. Ya sa aka ɗauko masa tsohuwar hular aikinsa. Maƙwabta suka taru, wasu a benci, wasu a tsaye. Auta ta jingina wayarta da fulas ɗin shayi ta ƙure murya. Inna ta zauna a gefe da akwatin ƙarfe a cinyarta, makulli a ɗaure a bakin mayafinta.

Wani mutum mai kwat ya fito a cikin wayar yana ta zuba, Auta tana fassarawa. Aka nuna ta farko, ƙatuwa mai kujera bakwai. Baba ya ce, "Ɗakin haya." Aka nuna ta biyu, mai lantarki, sumul ba kusurwa ko ɗaya. Baba ya ce, "Sabulu." Sannan fitilu suka koma kan ta ƙarshe, tana lulluɓe. Mai Agogo yana ta addu'a a ransa ta fito da tumbinta kamar kullum a gama.

Aka ja mayafin.

'Yar ƙarama ce, tsaye ƙyam, kusurwa huɗu. Fitilu biyu zagayayyu. Ƙofa uku. Aka juya ta, ga taya goye a bayanta. Aka leƙa ciki, ga sandar giya a tsaye tsakanin kujeru. Mai kwat ya ce wani abu, Auta ta fassara ta ce, "Wai sun koma inda suka fara."

Baba ya miƙa hannu, Auta ta matso masa da wayar har kusa da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo, hawaye yana bin gefen idonsa yana shiga kunne, bakinsa kuwa a washe.

"Sannu da zuwa," ya ce da motar. "Kin daɗe a hanya."

Daɗi ya kama Mai Agogo har ya rasa inda zai sa kansa. Ga shi Baba ya ci, kuma ci na gaskiya, ba da dabarar kowa ba, tunda shi ba zai rubuta shirmen tampol da murɗa inji ba. Ya tuna sitiyari, amma ko a jikinsa.

"Alƙaliya, a buɗe," in ji shi. "Yau mai haƙuri ya dafa dutse."

Baba ya mayar da wayar ya ja hularsa ta rufe masa ido.

Inna ta kwance makulli ta buɗe akwati. Ta fara da na Mai Agogo, ta sa tabarau tana karantawa a hankali, mai aski yana lanƙwasa yatsu. Kusurwa huɗu, ɗaya. Ƙofa uku, biyu. Giyar hannu, uku. Taya a baya, huɗu. Da ta zo kan rufin tampol da murɗa inji aka fashe da dariya.

"Maƙwabci, lafiyarka kuwa?" in ji Inna. "Kai ne ka rubuta wannan?"

"Tsufa ne, Inna. A ci gaba."

Ta yage na mijinta. Ta dubi takardar, ta ɗago ta dube shi, ta sake duban takardar. Rubutun a karkace yake, amma ana gane shi.

"Sumul ba kusurwa," ta karanta. "Ƙofa biyar. Lantarki. Ba sandar giya. Taya a ɓoye a ƙasa. Kujera mai ɗumama baya."

Mai aski ya tsaya da yatsunsa a miƙe, ko ɗaya bai lanƙwasa ba. Mai Agogo ya ji kamar an zare masa kujera.

"Yaya, mene ne wannan?"

Hular da take kan fuskar Baba ta fara rawa. Da farko sun ɗauka tari ne, Auta har ta ɗauko ruwa, ashe dariya ce. Ya yi ta har numfashinsa ya sarƙe, aka ɗaga shi aka shafa masa baya, ya huta, ya sake somawa.

"Shekara goma sha ɗaya ina faɗin gaskiya ana kayar da ni," ya ce da ƙyar. "Ranar da na yi ƙarya, ranar gaskiya ta iso."

"Me ya kai ka?"

"So nake in ci, ɗan keke. Sau ɗaya tak. Na ce bari in ari bakinka in ci maka albasa." Ya nuna jif da haɓa. "Wa zan bar wa ita? Auta tana da ta wurin aiki. In na tafi masu gwangwan za su zo su auna ta a sikeli. Na ce in na kayar da kai dole ka shiga, in ka shiga kuwa na san ba za ka fito ba." Ya numfasa, ya zuba masa ido. "Kai kuma fa? Tun yaushe ka fara son giyar hannu?"

Mai Agogo ya sunkuyar da kai yana murza gilashin aikinsa a tafin hannu. Kunya ta kama shi, ga kuma dariya.

"So nake ka ci," ya ce.

Inna ta cire tabarau ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ku ji mini wawaye biyu. Kowa ya tafi gidan ɗan'uwansa, kun yi saɓani a hanya."

Aka sake kwashewa da dariya, har da waɗanda suke share ido. Mai Agogo ya ɗaga hannu ya ce a soke na bana, tunda an yi maguɗi ta kowane ɓangare.

"Ban yarda ba," in ji Baba. "Alƙaliya, yanke."

"Huɗu da babu," in ji Inna. "Maƙwabci ya ci."

"To a kawo keke."

"Yaya, don Allah ka bari."

"Sau goma sha ɗaya na wanke shi ina fushi. Bari in wanke shi sau ɗaya ina jin daɗi."

Ba yadda suka iya. Mai Agogo ya turo keken har bakin katifa, taɓon safiyar nan duk ya fallatsa a jikinsa. Auta ta kawo ruwa a roba da tsumma, ta zauna a bayan mahaifinta ya jingina da ita. Baba ya tsoma tsumma ya matse da hannu biyu. Ya fara da ƙararrawa, ya goge ta har ta ɗauki rana, ya kaɗa ta sau ɗaya aka yi masa tafi. Ya bi kan keken, ya gangaro ƙafar gaba, yana bin wayoyinta ɗaya bayan ɗaya, Mai Agogo yana juya masa ita a hankali. Yana yi yana mita, wai wane irin mutum ne zai ga kwata ya bi ta tsakiya. Da ya gama ƙafar gaba sai tsumman ya zame daga hannunsa ya faɗa roba.

"Sauran sai gobe," ya ce.

"Allah ya kai mu," in ji Mai Agogo. Ya durƙusa kusa da kunnensa. "Yaya, zan koya. Ko ban faɗi ba zan koya."

"A'a. Ba ka faɗi ba, ba na son sadaka." Ya lumshe ido, murmushin bai bar bakinsa ba. "Makulli dai yana jikin ƙusa bayan ƙofa. Ba wanda ya aike ka, ba wanda ya hana ka."

Washegari Baba bai iya tashi ba. Kwana biyu bayan nan, da hantsi, Mai Agogo yana zaune a gefensa yana karanta masa abin da aka rubuta game da sabuwar motar, tsayinta daga ƙasa da zurfin ruwan da take iya shiga. Baba ya ce, "Tawa ta fi ta da ɗan yatsa biyu." Mai Agogo ya ce ƙarya ne, ya ci gaba da karatu. Da ya kai ƙarshen shafi ya jira musu bai ji ba, sai ya ɗago. Inna tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga shi gani.

An yi mako guda ana karɓar gaisuwar rasuwar Baba. Mai Agogo bai buɗe akwatin gilashinsa ba, bai kuma hau keke ba, da ƙafa yake zuwa ko'ina. Yana kewar mutumin nan ƙwarai, har yakan ji wata jita-jitar mota ya juya zai faɗa masa.

Ran na takwas da safe ya yi sallama ya shiga, ya gaida Inna, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta zaro makullin daga ƙusa ta ba shi. Auta ta ajiye kofin shayinta ta bi bayansa.

Ƙofar jif ta yi ƙara da ya ja ta. Ya hau ya zauna, ya miƙa ƙafa yana tsammanin zai yi laluben feda, sai ya ji su daidai ƙarƙashin tafinsa. Ya tuna ranar da aka ce a matso da kujera. Ya riƙe sitiyari yana share hawaye, Auta ta kau da kai tana kallon waje har ya gama.

"Kawu, taka kuloci har ƙasa," ta ce. "Yanzu murɗa."

Injin ya tashi, motar duka tana karkarwa. Ya sa giya ta ɗaya, ya saki ƙafa gaba ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu. Mai aski daga ƙofar shagonsa ya ce a kwashe yara da kaji. Ya sake, ta sake mutuwa.

"A hankali," in ji Auta. "Baba yakan ce kamar kana sauke jariri mai barci."

A karo na uku ta motsa. Ta fita daga inuwar bishiyar tana tafiyar hawainiya, ta bar wani busasshen fili mai kusurwa huɗu a inda ta daɗe tana tsayawa. Mai Agogo ya ƙanƙame sitiyari, gumi yana bin wuyansa.

"Duba madubi, Kawu. Direba ba ya manta bayansa."

Ya ɗaga ido. Ga Inna a ƙofar gida da hannu a goshi tana kare rana. Ga teburinsa a rufe. Jikin katanga kuma ga keken a jingine inda ya bar shi, ƙafar gaba tana ƙyalli, ta baya da taɓonta.